Waiwaye: Mudun Awon Intanet da Ya Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Dawanau sayen hatsi ya san cewa kafin a tsayar da ciniki sai an yarda da mudu. Mai saye zai ɗauki kwanon awon ya juya shi, ya duba gindinsa ko an bubbuge shi ya loɓa ciki, domin in mudu ya samu matsala, duk abin da aka auna da shi ya zama ƙarya, ko da mai awon mutumin kirki ne. Wannan tunanin ya faɗo mini kwanakin baya ina kwashe tarkacen wata tsohuwar durowa, sai ga wata 'yar farar na'ura wadda ba ta cika tafin hannu ba, da filashi maƙale a gefenta, ƙura ta yi mata lulluɓi. Shekara da shekaru ita ce mudun da nake auna intanet da shi a ɗakin kwamfutocin wata makaranta a Kano. Abin da ta koya mini ranakun da take lafiya yana da yawa, amma wanda ta koya mini ranakun da ta lalace ya fi zama a raina.

Sai na koma baya kaɗan kafin a gane darajarta. Mu da muka fara wannan sana'a a farkon shekarun 2000, lokacin da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001 kuma shagunan kafe suka fara cika gari, intanet ɗinmu daga sama yake saukowa. Faranti ne babba a kan rufi yana kallon tauraron ɗan Adam da ke nisan kusan kilomita 36,000. Saƙonka zai hau ya sauka, amsarsa ma ta hau ta sauka, kafin ta iso maka an ci kusan rabin daƙiƙa, ko da komai yana tafiya daidai. In hadari ya haɗo kuwa, sai a jingine aiki a jira ruwa ya ɗauke. A wancan zamani kalma ɗaya muke da ita ga kowace irin cuta: "netwok ba kyau." Ita mai kafe zai faɗa wa kwastoma, ita kamfani zai faɗa wa mai kafe, kuma babu mai iya ƙaryata wani, tunda babu mudu a hannun kowa.

A 2010 abubuwa biyu suka faru waɗanda sai daga baya na ga alaƙarsu. A gaɓar tekun Legas, manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa na MainOne da Glo-1 suka fara aiki, suka kawo ƙarshen dogaro da tsohuwar wayar SAT-3 ita kaɗai. A can Amsterdam ta ƙasar Holan kuma, hukumar RIPE NCC, wadda ke rabon lambobin adireshin intanet ga Turai da Gabas ta Tsakiya da wani yanki na Asiya, ta ƙaddamar da shirin RIPE Atlas. Dabarar mai sauƙi ce. A ƙera ƙananan na'urori, a raba su kyauta ga duk mai son karɓar amana, ya jona a gidansa ko ofishinsa. Kowace na'ura tana aika 'yan saƙonnin gwaji zuwa wurare daban-daban a duniya, ta rubuta abin da ta gani, a tara sakamakon wuri ɗaya inda kowa zai iya dubawa. Ba ta leƙen abin da mai gida yake yi a intanet. Nata saƙon kawai take aikawa ta jira amsa. Ladan mai riƙon amana shi ne maki 21,600 a kowace ranar da na'urarsa ta wuni ta kwana a haɗe, kuma da makin zai iya sa na'urorin wasu ƙasashe su yi masa awon da yake so.

Tawa na same ta ne a wani taron horar da ma'aikatan sadarwa. Samfuri na uku ce, wadda aka gina a kan wata ƙaramar rawuta ta TP-Link aka canza mata manhaja, aka ƙara mata filashi inda take ajiye kayan aikinta da sakamakon awo. Awonta iri-iri ne, amma biyu suka fi shiga raina. Na farko kamar ƙwanƙwasa ƙofa yake: ta yi sallama a wata na'ura mai nisa, ta ƙirga milisakan nawa aka ɗauka kafin a amsa. Na biyu shi ne bin sawu, wanda kullum yake tuna mini da fataken da. Ayari in ya tashi daga Kano zuwa Gwanja ba a rana ɗaya yake isa ba, zango-zango ake yi, kuma madugu ya san sunan kowane zango. Haka saƙon intanet yake ratsa rawutoci ɗaya bayan ɗaya, ita kuma na'urar tana rubuta sunan kowane zango da lokacin da aka ci kafin a kai gare shi.

Ranar da na fara karanta wannan jerin zango, gani ya kori ji. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, saboda haka zuwa Legas da dawowa bai kamata ya zarce milisakan 10 da 'yan kai ba in hanya miƙaƙƙiya ce. Amma sai na ga saƙon da na aika wa wata cibiya da ke cikin ƙasar nan ya gangara Legas, ya shiga teku, ya yada zango a Landan, sannan ya juyo gida. Kamar mutumin Fagge ne zai kai saƙo Sabon Gari ya bi ta Zariya. Dalili kuwa shi ne kamfanonin biyu ba su haɗa hanya a cikin gida ba, kowanne ya sayi tasa hanyar zuwa Turai, can suke gamuwa. Irin wannan ɓarnar ce aka kafa cibiyar musayar intanet ta IXPN a Legas a 2006 don a magance, amma kafa mahaɗa daban, shigowar kowa cikinta daban. Daga ranar na daina zuwa wurin kamfaninmu da ƙorafin baki. Takarda nake bugawa in ajiye a gabansu.

To, ranar wata Litinin na buɗe akwatin saƙonnina na tarar da sanarwa cewa na'urata ta yanke tun daren Juma'a. Ban ko tashi daga kujera ba na yanke hukunci. Na ɗauki waya na kira injiniyan kamfanin da ke ba mu intanet, na sauke masa kwandon faɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yallaɓai, layinku lafiya lau yake. Yanzu haka ba da shi kake duba saƙon naka ba?" Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Amma girman kai bai bar ni na duba kusa ba, sai na mayar da zargin can nesa, na ce lallai manyan kwamfutocin da ke karɓar rahoto a Turai ne suka samu tangarɗa. Kwana uku ina jiran su gyara abin da bai lalace ba.

A rana ta huɗu na natsu na karanta shafin na'urar tawa daga sama har ƙasa, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe waɗanda suka ƙera ta sun yi mata wata hikima. In ta kasa isa ga uwar gidanta ta hanyar da aka saba, tana da wata ƙaramar kafa ta neman agaji: sai ta cusa kukanta a cikin tambayar neman suna, irin wadda kowace kwamfuta ke yi wa kundin sunayen intanet, wato DNS, domin irin wannan tambaya takan samu wucewa ko da an toshe sauran ƙofofi. Kukan nata yana nan a rubuce a shafin, layi bayan layi, kwana da kwanaki, tana cewa ba ta ganin filashinta. Tana da wuta, tana da adireshi, tana iya kaiwa waje, amma rumbunta ya rufe.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Filashi ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu, mu kuwa a wuni ɗaya sai a ɗauke wuta a kawo sau biyar ko fiye, ga sauyi daga wutar gari zuwa janareta, daga janareta zuwa wutar gari. Kowace yankewa tana barin ɗan tabo, har ranar da tabon ya taru ya hana karatu. Maganin ma a rubuce yake: a zare wuta, a cire filashin, a kunna na'urar ba tare da shi ba, a ba ta kamar minti 10 ta kai rahoton kanta, sannan a mayar da filashin tana kunne, ita da kanta za ta share shi ta sake sauko da manhajarta. Na yi hakan, bai yi ba, domin filashin ya riga ya mutu. Na aika aka sayo sabo a kasuwar Farm Centre, na maimaita, kafin la'asar shafin ya nuna ta dawo. Aikin da bai kai awa biyu ba ya ci mini kwana huɗu da mutuncina a wurin injiniyan da na yi wa faɗa a banza. Washegari na kira shi na ba shi haƙuri.

Daga nan na sayo ƙaramin batirin ajiya na sa tsakaninta da soket, na ɗauka an gama. Bayan 'yan watanni sai wata sabuwar cuta ta ɓullo, mai ban mamaki fiye da ta farko. Kullum na'urar sai ta yanke bayan sallar isha'i, ta dawo da asuba. Ba ta saɓa lokaci, kamar mai bin ladani. Na zargi kamfani da rage mana ƙarfi da dare, na zargi rawuta da sabunta adireshi a kan kuskure, na kwana biyu ina tonon saituna ban ga komai ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Sai na yanke shawarar in tsaya a ofis har dare in gani da idona.

Ana idar da isha'i sai ga Baba maigadi ya turo ƙofa da tocilarsa da 'yar wayarsa. Ya nufi lungun kai tsaye, ya zare wayar na'urar daga kan caja, ya jona tasa. Na yi gyaran murya, ya juyo a firgice.

"Au, Malam, ashe ba ka tafi ba?"

"Ban tafi ba, Baba. Wannan cajar fa?"

"Ai ita kaɗai ce ke da wuta in an kashe inji. Na ga abin ba ya ƙara, ba ya nuna hoto, na ce ko hutawa yake yi da dare. Da asuba nake mayar masa da abinsa yadda na same shi."

Dariya ta kama ni, kunya kuma ta biyo baya. Laifin nawa ne. Na ajiye abu a ɗakin da mutum yake gadi shekara da shekaru, ban taɓa zama na gaya masa mene ne ba. Na jawo kujera na nuna masa taswirar duniya a kwamfuta, cike da ɗige-ɗige, na sa yatsa a kan ɗigon da ke Kano na ce, "Baba, wannan namu ne. In ka cire wayar nan, sai ya mutu, mutanen duniya su ɗauka mu ne muka ɓace." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe amana ce. Da ka faɗa mini tun farko, ai da ni zan tsare maka ita." Da safe na sayo masa tasa cajar na ja masa layi daga batirin. Tun daga ranar, in wani ya doshi lungun nan, Baba ne ke fara tare shi.

Cuta ta uku ta zo ne daga hannun gwani. Wani matashi da nake koya wa aiki, mai ƙwazo ƙwarai, ya kafa mana sabuwar katangar tsaro mai bincikar duk abin da ke fita. Komai ya ci gaba da tafiya, ban da na'urar awo. Wannan karon ban kira kowa ba. Na duba wuta, akwai. Na duba 'yar fitilar da ke nuna waya ta kama, tana ƙyaftawa. Na duba rawuta, ta ba ta adireshi. Tambayar suna tana fita tana dawowa. Saura mataki ɗaya, wato zancenta da uwar gida. Na'urar tana fita ne ta ƙofa mai lamba 443, wadda aka saba bi wajen buɗe shafuka masu tsaro, amma harshen da take yi a ƙofar na SSH ne, ba na buɗe shafi ba. Sabuwar katangar ta ji baƙon harshe a sananniyar ƙofa, ta rufe. Na kira yaron na nuna masa. Ya ce, "Oga, wallahi ban san tana nan ba." Na ce masa ni ma haka na yi wa Baba, mu rubuta ta a littafin kayan ɗakin nan yau ɗin nan. Minti biyar ya buɗe mata hanya.

In na haɗa waɗannan uku, darasin guda ne. Mai neman cuta ya fara daga inda hannunsa yake kaiwa, ya bi zango-zango zuwa nesa: wuta, sannan waya, sannan adireshi, sannan suna, sannan hanyar fita, sai a ƙarshe ya ɗaga kai ya dubi kamfani ko teku ko Turai. Zuciya ta fi son akasin haka, domin zargin na nesa ba ya buƙatar ka durƙusa a ƙarƙashin tebur, kuma ba ya taɓa girmanka. Sau uku na'urar nan ta yi shiru, kuma duk sau ukun cutar tana cikin ɗakin da nake zaune. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in dai ya yarda ya ɗaga kai ya dubi rufin.

Akwai kuma abin da ban lura da shi ba sai da shekaru suka tara. Shafin na'urar yana ajiye tarihin duk lokacin da ta haɗu da duk lokacin da ta yanke. Da na zauna na bi shi, sai na ga tarihin ɗakinmu ne a rubuce. Ga watannin zafi da wuta ke wuya, ga makon da janareta ya lalace, ga dogon hutun da aka kulle makaranta aka kashe komai. An aiko ta ta auna intanet, ta ɓuge da auna mu.

Yau abubuwa da yawa sun canza. Samfuri na huɗu da na biyar sun zo da ma'ajiya a cikin jikinsu, babu sauran filashi mai leƙowa a gefe, kuma na biyar an yi shi ne da haɗin gwiwar CZ.NIC ta ƙasar Cek. Tun 2020 ma ba dole sai an aiko maka da akwati ba, kana iya sauke manhajar ka ɗora a kan kwamfutar da ke kunne dare da rana, ta zama na'urar awo. Jiran ɗan saƙo daga Turai da fargabar ɓacewar kaya a hanya sun kau. Sola da inbata da batirin litiyam sun shiga ofisoshi da gidaje, sun rage irin yankewar da ta kashe mini filashi. Fayiba ta ratsa manyan titunan Kano, IXPN ta buɗe rassa a wasu birane har da nan, wayar ƙarƙashin ruwa ta Equiano ta sauka Legas a 2022, Starlink kuma ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, da taurarinsa da ke kusa da ƙasa, ba irin na zamanin farantinmu ba. Matasan da ke shigowa sana'ar yanzu ba su san jiran rabin daƙiƙa ba, kuma ina taya su murna.

Sai dai sauƙi yana da nasa tarkon. Na'urar da ke cikin manhaja ba ta da fitilar da za ka gani in ka shigo ɗaki, babu wanda zai yi tuntuɓe da ita ya tambaya mece ce. In ta mutu, tana iya yin wata da watanni babu wanda ya waiwaye ta, har a can RIPE Atlas a rubuta ta cikin waɗanda aka yi watsi da su. Akwatin da ke cikin durowata ko ba komai ya sa na durƙusa, na shaƙi ƙura, na san kowace waya da ke bayan tebur, na kuma zauna da Baba maigadi mun fahimci juna.

Abin da bai canza ba shi ne taswirar. Na'urorin da ke aiki a duniya sun haura 10,000, amma in ka buɗe ta za ka ga Jamus da Faransa da Holan sun cika har ɗigo na hawa kan ɗigo, in ka gangaro kudu da Sahara sai fili ya buɗe. Daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Maraɗi zuwa Damagaram, sai ka yi ta lalube. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin WACS da ACE da SAT-3 da MainOne suka yanke a tekun da ke gaban Kodebuwa, bankuna suka tsaya cik, masu POS suka rungume hannu, cibiyoyin waje irin su Cloudflare da NetBlocks ne suka fara gaya wa duniya girman abin. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, sannan aka faɗaɗa zuwa wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane sun riƙa tafiya garuruwan maƙwabta don kiran waya kawai, kuma mafi yawan abin da muka sani game da wannan shiru daga bakin matafiya muka ji shi. Wurin da babu mudu, ko an tauye shi ba ya da hujja, sai dai ya koma ga tsohuwar kalmarmu ta "netwok ba kyau."

Saboda haka kirana ga jami'o'inmu da kwalejoji, da ƙananan kamfanonin intanet, da duk matashin da ke da sola a gida da layin da ba ya yankewa: ku karɓi wannan amana. Ba ta cin kuɗi, wutar da take sha ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Ku rubuta ta a littafin kayan aiki, ku gaya wa mai shara da maigadi abin da take yi, ku riƙa leƙa shafinta ko da sau ɗaya a mako. Ranar da ta yi shiru kuma, kafin ku ɗaga waya ku kira kowa, ku fara durƙusawa ku duba soket.